Adireshin SDLC ɗin da ya cinye mana daren Alhamis a Jidda

Ma'ajiyar kayan da nake wa aiki a Jidda har yau da tsohuwar babbar kwamfuta AS/400 ta IBM take lissafin kaya, reshenmu na Dammam kuma da kwantirola 5494, na'urar da ke haɗa allunan reshe da ita, yake magana da ita ta SDLC, wata tsohuwar ƙa'idar IBM ta aika bayanai a kan layi. Da aka ce za a yanke tsohon layin haya, sai aka ce mu bi da SDLC ɗin ta STUN, dabarar ɗaukarsa a cikin hanyar IP, a kan rauta biyu na Cisco. Peer-name a kan loopback, encapsulation stun, clock rate 9600, duk wannan kafin Isha'i mun gama. Ping yana tafiya lafiya lau, tashar 1994 da STUN ke bi a buɗe take.

Amma allon Dammam ko motsi.

Takardar da ma'aikacin baya ya bari ta ce adireshin kwantirola 32 ne, muka rubuta stun route address 32, rauta ta karɓa ba musu. Ai dole ta karɓa. Adireshin SDLC baiti ɗaya ne, da heksa, wato ƙirgen goma sha shida, ake rubuta shi, kuma 32 lamba ce sahihiya a heksa, sai dai 50 take nufi a ƙirgen yau da kullum. Shi bawan Allahn nan juya lambar ya yi zuwa ƙirgen goma kafin ya rubuta, bai kuma faɗa ba. Adireshin gaskiya 20 ne. Duk firem, wato ƙunshin bayanai, da AS/400 ta turo, rauta ta duba ta ga babu hanyarsa, ta zubar.

Mu kuwa muna can muna kame-kame. Muka kunna nrzi-encoding muka kashe, muka canza kebul. Dattijon da ke Dammam, ɗan Makka ne amma Hausarsa ta Kano ce tsaf, yana durƙushe bayan rak da fitilar waya a baki. Can ya kira ni ya ce, "Yaro, ka daina wahalar da ni da kebul, ka duba abin da uwar take kira." Na ce, "To Baba." Na kunna debug stun packet, sai ga 20 a farkon kowane firem, tana ta maimaituwa. Na leƙa STNADR, gurbin adireshi, a bayanin kwantirola cikin AS/400, 20 ɗin ce dai zaune.

Har yanzu abin na ci mini rai, don da a ce C1 ne adireshin, kamar yadda aka saba, 193 zai rubuta, kowa ya gani ya san ba heksa ba ce, don baiti ɗaya a heksa ba ya wuce lamba biyu. 32 kuwa ta shige ba wanda ya ɗaga gira.

Bayan nan local-ack, wato kowace rauta ta riƙa amsa wa na'urar da ke gefenta, ya ɗan ja mu. Nisan Jidda da Dammam ya sa muka kunna shi don kada lokacin jiran amsa ya ƙare, kuma da shi sai an saita stun sdlc-role a juye: rautar da ke gefen AS/400 ita ce secondary mai amsawa, ta gefen kwantirola primary mai kira. Wannan yana cikin littafi, ba mu daɗe a kai ba.

Idan irin aikin nan ya faɗo maka, kada ka ɗauki adireshi daga takarda, ko da hatimi a kanta. Ka karanto shi daga na'urar da ke kira, ka sa ido kan drops, wato adadin abin da rauta ta zubar, a show stun tun minti na farko. Takardar tana nan manne a ƙofar rak, na soke 32 da jan biro na rubuta 20 heksa da manyan baƙi. Baba ya ce shayi da mutabbaƙ na ranar Lahadi a wuyana suke.