Abin da na koya lokacin da aka ba ni aiki a kan kujerar Fafaroma

Ina aji uku a jami'a, sashen tarihi, malaminmu na tarihin Turai ya raba mana batutuwan da kowa zai gabatar a gaban aji, ni sai kujerar Fafaroma ta faɗo kaina. Musulmi ne ni, tashin Zariya, iya abin da na sani game da mutumin nan shi ne fararen kaya da 'yar farar hula da ɗaga wa jama'a hannu ta taga in an nuno shi a talabijin. Kwana biyu na haɗa shafi shida, layin farko na rubuta cewa Fafaroma shi ne shugaban Kiristocin duniya gaba ɗaya, kamar dai khalifa a wajen Musulmi.

Allah ya taimake ni na fara nuna wa wata 'yar ajinmu 'yar ECWA. Tana karanta layin ta ɗago kai ta ce, kai ɗan'uwa goge wannan, mu a cocinmu ba ruwanmu da Fafaroma, na 'yan Katolika ne. Ita ce ta haɗa ni da wani dattijo maƙwabcinsu da ya daɗe yana aikin katikis, wato mai koyar da addini a cocin Katolika, ranar wata Asabar na je na same shi a ƙofar gida a kan benci. Ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa duk ya sha salatif, ya buɗe Matiyu sura 16 ya ɗora yatsa a aya ta 18 ya ce, ɗana karanta da kanka. A wurin ne aka ce Yesu ya gaya wa Bitrus shi ne dutsen da zai gina ikkilisiyarsa a kai, aya ta gaba kuma ya ce zai ba shi mabuɗan mulkin sama. Baba ya ce to ka ga mabuɗai biyun da ke jikin tambarin Batikan, daga nan suka fito. A wajen 'yan Katolika Bitrus ya ƙare rayuwarsa a Roma, an kashe shi zamanin sarki Nero, kuma duk wanda ya zama bishop na Roma magajinsa ne. Wato asalin muƙamin ma bishop na Roma ne, ni ko wannan ban sani ba.

Na gyara na kai wa malam, ya karanta ya ja jan biro a wurare da yawa, ya ce in raba abu biyu, inda zan ce 'yan Katolika sun yi imani da kaza, da inda zan ce tarihi ya nuna kaza, kar in cakuɗa, kuma kar in mai da ɗaya sandar dukan ɗaya. Wallahi wannan maganar ta fi duk abin da na karanta a samistar amfani a wajena.

Da na koma laburare sai na ga ikon kujerar ba rana ɗaya ya zo ba. A ƙarnonin farko ana girmama bishop na Roma sosai amma akwai manya irinsa a Iskandariya da Antakiya, kalmar papa ɗin ma ma'anarta baba ce kuma ba shi kaɗai ake kira da ita ba, har gobe Kibɗawan Masar haka suke kiran shugabansu. Abin da ya ɗaga Roma, ban da maganar Bitrus, shi ne giɓin da sarakuna suka bari. A shekarar 330 sarki Konstantin ya mai da fadarsa gabas, garin da yanzu ake ce wa Istanbul, ɓangaren yamma na daular Roma ya yi ta rauni har ya faɗi a 476, mutanen Roma suka waiga ba wanda ya rage tsaye sai bishop ɗinsu. A 452 Fafaroma Leo na ɗaya ne ya fita ya tari Attila, sarkin mayaƙan Hun da ya kawo wa Italiya hari, da rundunarsa, suka yi magana, mutumin ya juya bai shiga Roma ba. Daga nan abu ya yi ta girma, a 756 sarki Pepin ya ba kujerar ƙasa ta kanta, a shekarar 800 Fafaroma ne ya ɗora wa Shalman kambin sarauta, a 1077 kuwa sarkin Jamus Henri na huɗu sai da ya yi kwana uku a ƙofar ganuwar Kanosa cikin ƙanƙara yana neman Fafaroma Giregori na bakwai ya yafe masa.

Sai na zo wurin da zuciyata ta so ta ja ni. Daga 1309 zuwa 1377 fafaromomi ba ma a Roma suke zaune ba, suna Abinyon a kudancin Faransa ta yau, bayan nan aka shiga rikicin da har mutum uku suka riƙa cewa kowanne shi ne Fafaroma a lokaci guda, sai a 1417 taron Konstans ya kashe wutar. Ga rabuwa da cocin gabas a 1054, ga boren Martin Luta a 1517. Na ji kamar in cika takardar da wannan kawai, don na san aji zai so. Na koma wajen Baba ina ɗan ɗari-ɗari na tambaye shi, ashe duk ya sani, bai musa ko ɗaya ba. Ya ce, ɗana Bitrus ɗin kansa ai sau uku ya yi musun sanin Ubangijinsa a dare ɗaya, mu ba mu taɓa cewa wanda ke kan kujerar ba ya zunubi ba. Ban yarda da aƙidarsa ba har yau, shi ma ya san haka, amma na ga mutumin da ya san tabon gidansu kuma bai ɓoye min ba, sai na ji kunyar in ɗauki abin da ya ba ni da gaskiya in je in yi masa ba'a da shi a gaban aji.

A nan ne kuma na gane maganar da ake yawan yi cewa wai sun ce Fafaroma ba ya kuskure. An tabbatar da wannan koyarwar ne a 1870, kuma ta taƙaita ga lokacin da ya yi hukunci a hukumance ga ikkilisiya duka a kan imani ko ɗabi'a, ba hirarsa da 'yan jarida ba, ba ra'ayinsa a kan siyasa ba. Misalin da kowa ke kawowa tun daga lokacin shi ne na 1950 a kan ɗaukar Maryamu zuwa sama. A wannan shekarar ta 1870 ɗin dai sojojin Italiya suka ƙwace Roma daga hannunsa, sai a 1929 aka yi yarjejeniyar da ta ba shi Batikan, fili mai kadada 44 kacal. A ganina tun da ƙasar ta fita hannunsu aikin ya fi komawa kan asalinsa, koyarwa da haɗa kan mabiya da naɗa bishop-bishop, ko Bishop Kukah na Sakkwato ai Fafaroma Benedik ne ya naɗa shi a 2011. Baba kuwa in ya fara labarin zuwan Jon Pol na biyu Kaduna a 1982 ba ya gajiya, ya ce tun asuba suka kama wuri.

Ranar gabatarwa ban sa kalmar khalifa ko sau ɗaya ba, don na gane kwatancen yana ɓatar da mai sauraro ne kawai, kuma duk inda maganar imani ce sai na ce in ji su.

Ranar 8 ga Mayun 2025 bayan la'asar ina shago na ga a waya farin hayaƙi ya tashi a Batikan, alamar an zaɓi Fafaroma, kadinal 133, wato manyan limaman Katolika, da aka kulle a ɗaki sun zaɓi sabo, Ba'amurke ɗan Chicago, ya ɗauki sunan Leo na 14. Na yi sallar magariba na kira Baba na yi masa murna, muryarsa har rawa take, ya ce ɗana ka tuna Leo na farko kuwa, na ce Baba wanda ya tari Attila a 452, ya yi dariya ya ce in gaida mutanen gida.