Gangarar Tihama da amyoyi a bayan mota

Da aka ce mini a Abha zan yi aiki, ban tambayi kowa yadda garin yake ba. A zatona Saudiyya duk abu ɗaya ce, rairayi da rana, kamar yadda alhazai ke ba mu labari. Riguna marasa nauyi na zuba a jaka. Daren farko sai da na roƙi bargo. Ashe Abha a kan duwatsun Sarawat take, a yankin Asir, sama da mita 2,200 daga teku, Jabal Sauda da ke kusa da ita kuwa ya kai wajen mita 3,000. Ni mutumin Kano ne, dutsen da na sani Dala ne da Goron Dutse. Shekara 11 na yi ina jan mota tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi, hanya shimfiɗe kamar tabarma. Hawan Kibo sau biyu na taɓa binsa, kuma na daɗe ina ba da labarinsa a tasha.

Kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, mai kiwon zuma ne. In sanyi ya sauka a kan dutse, sai a kwashe amyoyi a gangara da su Tihama, ƙasar da ke kwance wajen Bahar Maliya, inda ake da ɗumi. In zafi ya yi a mayar da su sama. Furen itatuwa ake bi, musamman wanda suke kira sidir, da na gan shi na ce ai kurnarmu ce ta gida. Wuraren ajiye amya suna can cikin kwari, sai an bar kwalta an bi turbar tsakuwa da ke manne a jikin dutse, dama bango, hagu rami. Kuma ba a ɗaukar amya da rana. Sai ƙudan ya koma gida da dare a toshe bakin, a ɗora a kan Land Cruiser a-kori-kura, wadda a nan kowa ke ce wa shas.

Wanda aka haɗa ni da shi wani dattijo ne Bahaushe haifaffen Jizan. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙasa, ya ratsa Sudan, ya yi aikin Hajji, bai koma ba. Baba nake ce masa. Bai taɓa ganin Kano ba, amma a bakinsa na ji wasu kalmomin Hausa da rabona da su tun kakata tana raye. Mako biyu cur bai ba ni makulli ba, ina gefe kamar yaron mota. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ranar da ya ba ni sitiyari, hawa bai ba ni wahala ba, sai dai na ji motar ta yi sanyin jiki. Baba ya ce ba laifinta ba ne, iskar sama ba ta da kauri, inji ba ya samun isasshiyar da zai ƙona mai, yadda mutum ma kan yi haki in ya yi sauri a Sauda. Da muka fara gangara sai na yi abin da na saba: giya ta uku, ƙafa a kan birki, ina danna shi a hankali ba ɗagawa. Ba mu yi nisa ba na ji ƙauri. Can kuma na taka birki na ji ya yi laushi, ya nutse fiye da yadda na san shi.

"Ɗana, koma giya ta ɗaya. Kada ka taka kuloci ka riƙe. Ga fili can, shiga."

Muryarsa ba ta ko ɗaga ba. Da muka tsaya ya sauka ya ɗauko dutse ya sa weji, ya kama hannuna ya kai kusa da ƙafar gaba, bai bari na taɓa ba. Zafin kamar bakin murhu. Na ce in kawo ruwa in zuba? Ya ce a'a, ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi karkacewa yake ko ya tsage. Muka zauna a kan dutse kusan rabin awa, amyoyi na ta guna a bayanmu, yana yi mini bayani. Birki zafi yake tarawa. In gangara ta yi tsawo, takalmin birkin ya daina kamawa, man birkin ya tafasa, musamman tsohon mai da ya sha danshi. To daga nan ko ka taka har ƙasa babu abin da zai amsa.

"Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka," in ji shi. "Inji ne ke riƙe mota a dutse. Birki ajiya ne, ka taɓa ka saki."

Ya nuna mini ƙaramin sandan giya da ban taɓa damuwa da shi ba. A nan dabal suke ce masa, akwai mara nauyi, akwai mai nauyi. In ka tsaya cak ka sa mai nauyin kafin gangara ta fara, shas takan sauka da kanta kamar raƙumi, taki ɗaya bayan ɗaya. Ina jin haka na tuna yadda a gida muke sakin mota a firi don a rage shan mai, har muna ganin gwaninta ce. A nan wannan ɗabi'ar kisa ce, kuma na san akwai 'yan uwanmu da suka zo da ita a jiki.

Ba a turba kaɗai abin yake ba. Manyan hanyoyin da ke sauka daga dutse, waɗanda ake kira aƙaba, an yi musu kwalta da gadoji da ramukan da aka huda cikin dutse, amma gangara tana nan. A watan Maris na 2023, cikin azumi, wata bas ɗauke da masu zuwa Umra ta yi hatsari a Aƙabar Sha'ar, tsakanin Abha da Muhayil. Birki ne aka ce ya ƙi, ta daki gada ta kife ta kama wuta, mutum aƙalla 20 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Duk sanda na bi ta wurin sai na yi musu addu'a.

Sauran darussan a hanya na tsince su. Hazon nan ba irin namu na hunturu ba ne, girgije ne yake tasowa daga ƙasa ya rufe ka, jiƙaƙƙe, har ba ka ganin hancin motarka. Babbar fitila ƙara makantar da kai take, ƙarama ake kunnawa. Kafin kwanar da ba ka ganin bayanta, ka danna hon. In kun haɗu a inda mota ɗaya ce ke wucewa, mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya. In mota ta kasa hawa, ba a juyawa a jikin gangara, kifewa take, sai dai ka sa ribas ka sauko a miƙe. Gwaggon biri kuma garke-garke suke a bakin hanya, kada ka fizgi sitiyari saboda su. Cikin kwari waya ba ta kamawa, don haka ba ma fita sai wani ya san inda muka nufa da lokacin da ya kamata mu dawo, da ruwa, da igiya, da safaya mai iska. Lambar 'yan kwana-kwana 998, ta motar asibiti 997, Baba sai da ya sa na haddace su.

Abin da ya fi yi mini wuya ba a sitiyari yake ba. Baƙo yana tsoron cewa a'a. Iƙamarka, wato takardar izinin zama, da sunan mutum take, gida ana jiran kuɗin wata, in ya ce ka isa kafin rana ta fito ba ka son ka zama mai kawo uzuri. Na tabbata wannan tsoron ya jefa direbobi baƙi da yawa a inda hankalinsu ya hana su shiga.

Wani dare muka iso bakin wani kwari muka tarar da ruwa yana gudu, ja wur, alhali inda muke ko ɗigo bai sauka ba. A sama aka yi ruwan. Suna kiransa sail, yana zuwa da duwatsu da kututture. Ratsa kwari yana gudu laifi ne a dokar hanya, tararsa daga riyal 5,000 zuwa 10,000, amma ni ba tarar nake tunani ba, zuma nake tunani. Amya in ta daɗe a toshe rana ta same ta, ƙudan mutuwa yake. Na ce, "Baba, ai bai kai gwiwa ba." Ya ce, "Wanda kake gani ke nan. Ka ga abin da ya cinye a ƙarƙashi?"

Ya hau wani tudu inda waya ke kamawa, ya kira kafili, ya miƙo mini. Da guntun Larabcina na ce sail ne, ba za mu ratsa ba. Ya yi faɗa, ya yi shiru, sannan ya ce mu sauke amyoyin a nan mu buɗe su. Muka janye mota zuwa kan tudu, muka yi ta sauke su ɗaya bayan ɗaya a hasken tocila, na sha harbi a wuya da hannu. Da muka gama Baba ya hura wuta ya ɗora shayi. Ya ce in ba shi labarin Kano, wai kakansa ya sha yi masa zancen kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, shin suna nan? Na ce suna nan, Baba. Na yi ta zana masa gari lungu-lungu har aka yi asuba, muka yi salla a kan tsakuwa.

Da hantsi ruwan ya janye, ya bar laka da duwatsu inda turba take jiya. Amyoyin sai dare za a sake ɗaukar su, amma Baba ya ce mu duba hanyar tun da sauran haske. Ya naɗe wandonsa, ya ɗauki sanda, ya ratsa a ƙafa yana caccakar ƙasa. A tsakiya sandan ya nutse har rabi. Ya kauce dama, ya jera duwatsu uku alama, ya ƙarasa can ƙetare, sannan ya juyo ya ɗago mini hannu.