Hanoba da ramuka takwas da suka ƙi haɗuwa

Kwana uku ke nan da dawowata daga Jamus, kuma har yanzu takardar da wani tsoho ya cika mini da lambobi tana cikin aljihun rigata. Abin da ya kai ni shi ne EMO, baje kolin injunan sarrafa ƙarfe da aka fara yi a Faris a 1975, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, wannan karon a Hanoba cikin watan Satumba.

Maganar jirgi ba sai na yi ba. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne kuɗin otal. A makon baje koli masu otal suna ninka farashi ba kunya ba tsoro, alhali ɗakin shi ne dai na makon jiya, gadon ma bai ƙara tsawo ba. Wannan ɗabi'a ba ta burge ni ba ko kaɗan. Sa'ar da aka yi, mutanen garin sun saba ba da hayar ɗaki a gidajensu a irin wannan lokaci, ta haka na faɗa hannun wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin sassaƙa ƙarfe, yana da ɗan ɗakin aiki a ƙarƙashin gidansa. Turancinsa kaɗan ne, Jamusancina babu, fensir ne ya yi mana tafinta.

Kullum da safe na kan hau jirgin cikin gari mai lamba 8 zuwa ƙofar arewa ta filin. Injuna kam an gan su, har ido ya gaji. Kusan kowane inji yana da hanyarsa ta jera ramuka a kan da'ira ba tare da mai aiki ya taɓa kalkuleta ba: kowane kamfanin da ke ƙera kwamfutar inji da nasa umarnin, a Heidenhain zagaye na 220 ne, a Siemens HOLES2, a Haas G70, a Fanuc kuma sai ka kunna G16 ka ba shi nisa da kusurwa, ka kashe da G15. Ka faɗa masa tsakiya, rabin faɗin da'ira (wasu cikakken faɗi suke nema), yawan ramuka da kusurwar farawa, shi ke nan. Abu ne mai kyau. Amma inji abin da ka ba shi yake hudawa, in ka ba shi cikakken faɗi a inda yake neman rabi, zai huda maka ramuka takwas masu sheƙi a inda ba su da amfani.

Daren na biyu ne dattijon ya sauko da ni ɗakin aikinsa, ya ɗora faifan haɗa bututu guda biyu a kan benci, ya ce, “Ɗana, haɗa mini su.” Na ce, “Baba, ai duk na inci huɗu ne, ramuka takwas-takwas.” Ya miƙo bol M16, wato mai kaurin milimita 16, ya yi shiru.

Bol ɗin bai shiga ba. Na farkon na ƙa'idar Turai ne, EN 1092-1, DN100 PN16: da'irar da ta ratsa tsakiyar ramukansa milimita 180 ce, kowane rami milimita 18. Na biyun na ƙa'idar Amurka ne, ASME B16.5, aji 150: da'irarsa inci 7.5, wato milimita 190.5, ramukansa kusan 19. Bambancin faɗi 10.5, ke nan kowane rami ya goce da 5.25 daga takwaransa, kuma kafar da ta rage tsakaninsu ba ta kai milimita 14 ba, ina bol mai 16 zai bi? A wurin aikinmu na sha ganin an ɗauko fayil na goge ƙarfe an ja ramin ya yi tsawo don dai a tashi aiki. Kuskure ne babba, domin kan bol ya rasa inda zai zauna sosai, matsi ya karkata gefe ɗaya, gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin faifan biyu, ya fara yoyo.

Daga nan ya jawo takarda. Ya zana da'ira, ya ja layi daga tsakiya zuwa rami ɗaya, ya sauke wani layin a tsaye, alwatika ta fito. Duk lissafin a cikinta yake. Tsakiyar faifan ita ce sifiri. Tafiyar tebur a kwance, X, ita ce rabin faɗi sau cos na kusurwa. Tafiyarsa ta gaba da baya, Y, rabin faɗi sau sin. Ana fara ƙirga kusurwa daga wajen ƙarfe uku na agogo, a juya saɓanin hannun agogo. Ramuka takwas, 360 raba 8, digiri 45 tsakanin kowane biyu. To amma a faifan bututu ramuka ba sa hawa kan layin tsakiya, raba ƙafa suke yi a kansa, don haka ramin farko yana kan rabin 45, wato 22.5. Rabin 180 shi ne 90. Cos 22.5 ya ba da 0.9239, sau 90 ya zama 83.15. Sin 22.5 ya ba da 0.3827, sau 90 ya zama 34.44. Rami na biyu a 67.5 lambobin nan ne suka yi musaya, X 34.44, Y 83.15. Sauran shida ba sabon lissafi, alamar ragi kawai ake sakawa gwargwadon kusurwar faifan da ramin ya faɗa: hagu X ragi, ƙasa Y ragi.

Wani abu da duk mai karanta zanen Jamusawa ya kamata ya sani: da waƙafi suke raba lamba, ba da ɗigo ba. Shi 83,15 ya rubuta. Kuma wajen jera hotunan ɓangarorin abu a takarda, zanensu tsarin kusurwa ta farko yake bi, na Amurka ta uku, wato hoton gefe yana faɗawa ɓangaren da wanda ya saba da ɗayan bai zata ba. In ramuka daidai suke a zagaye ba damuwa, amma in akwai ɗaya da aka gusar da gangan don kada a ɗaura murfi a juye, karanta zanen ta baya yana nufin aikin ya tafi shara.

Abin da ya fi daɗewa a kai shi ne tsirkiya, layin da ya miƙe daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi, kamar tsirkiyar baka. Ita ce faɗin da'ira sau sin na 180 raba yawan ramuka. A faifanmu, 180 sau 0.3827, 68.88. Ya soka sanduna biyu masu kauri ɗaya a ramuka biyu, ya auna daga bayan wannan zuwa bayan wancan da faniya, ma'aunin nan mai baki biyu, ya cire kaurin sanda ɗaya. Abin da ya rage shi ne tsirkiya. A ramuka uku ana ninkawa da 0.866, huɗu 0.7071, biyar 0.5878, shida kuwa 0.5 cif, shi ya sa buɗin kamfas da ya zana da'ira yake raba ta shida. Kuma hanyar tana komawa baya: in tsohon faifai ne a hannunka ba zane, auna tsirkiya, ka raba da lambar, faɗin da'irar ya fito. Ga mai ramuka biyar ko bakwai, inda babu rami da ke kallon wani ta tsakiya, wannan ce hanyar da za a dogara da ita.

Sai ya ɗaga yatsa, ya buga tsakiyar faifan. Tsirkiya tana gaya maka ramuka sun rabu daidai, ba ta gaya maka suna zagaye da tsakiyar gaskiya. In ka kuskure sifiri da 0.3, duk takwas ɗin za su gusa tare, kowace tsirkiya ta fito daidai, faifan kuma ya zauna a karkace. Don haka kafin komai ya ɗaura agogon awo a kan sandar injin, ya zagaya da shi cikin babban ramin tsakiya, yana gyara tebur har allurar ta daina motsi. Ya fi minti goma a kan wannan kaɗai. Mu da muke gaggawar jin ƙarar huda, a nan muke yin asara.

Sauran kurakuran ya jero su yana aiki. Kalkuleta ta koma auna kusurwa da radiyan maimakon digiri ba ka sani ba: danna sin 30, in ba ta ce 0.5 ba, tsaya. Takawa da kamfas daga rami zuwa rami: kuskuren 0.1 a kowane taki ya zama 0.8 in ka zagayo. Haka yake a kusurwa. Ramuka bakwai 51.4286 ne, in ka datse zuwa 51.4 kana tarawa, a rami na bakwai ka yi asarar digiri 0.17, wanda a kan rabin faɗi 90 ya kai milimita 0.27. Maganinsa, kowane rami a lissafa shi daga sifiri: lambarsa sau 360, sannan a raba da 7. Tsohon injinsa yana da wasa a sukurun tebur, saboda haka kullum ta gefe ɗaya yake isowa kan lamba, in ya wuce sai ya koma baya sosai ya sake tahowa, sannan ya kulle tebur. Bai taɓa dira bakin huda mai milimita 18 kai tsaye ba, domin yawo yake yi kafin ya kama. Gajeren baki na alama tukuna, sai na 6, sannan 18 a juyi 400 zuwa 450 a minti, da ruwan sanyaya.

Na tambaye shi nawa ne kuskuren da za a iya yafewa. Ya ce ya danganta da bol. In bol da noti ne suka ratsa faifai biyu, 18 cire 16, kana da 2. In ɗaya faifan zare aka yanka masa, bol ba ya motsi a cikinsa, sai a raba 2 ɗin, kowane faifai 1. Kuma lambar nan faɗin da'irar yafiya ce: gocewar 0.1 a X da 0.1 a Y ta zama 0.14 daga inda ya dace, a ninka biyu, 0.28 ka ci.

Ciniki ɗaya na yi a tafiyar, kuma da shi ne. Yana da faifan rabo, mai layukan ƙananan ramuka a zagaye, na na'urar raba da'ira mai 40 da 1, irin wanda juyi 40 na hannu ke juya aiki sau ɗaya. Ramuka takwas juyi 5, biyar juyi 8, bakwai kuwa juyi 5 da ramuka 15 a kan layi mai 21. Na taya, ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na sabo ba, da na ƙirga masa Yuro kuma ya mayar mini da takarda ɗaya, ya haɗa mini da sandunan awon nan biyu. Kuɗin ɗakin ma bai karɓi na daren ƙarshe ba.

Ranar Asabar na leƙa Wolfsburg, garin Volkswagen. A kan hanya na gwada lissafin a kan ƙafar mota: 5×112, wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 112, tsirkiyarsa 65.83, 5×114.3 kuma 67.18. Bambancin 1.35 ne kacal, ido ba ya gani, shi ya sa ake tilasta rim a kan motar da ba tasa ba, bol ya zauna a karkace.

A wani filin jirgi da muka yada zango, jami'in bincike ya zaro faifan rabon daga jakata, ya yi ta ɗaga murya bai bari na yi bayani ba, ya wurga shi cikin tire kamar gwangwani. Na duba, layin 21 bai lotsa ba.