Bakin ƙwarya da kewayen rabin ƙwallo

Ranar Asabar da ta wuce ɗiyata ta kawo mini aikin gida na lissafi, inda aka ce ta nemo kewayen rabin ƙwallo wanda nisan da ke tsakanin cibiyarsa da bakinsa santimita 14 ne. Ta yi lissafinta daidai har ta samu 88, sannan ta raba shi biyu ta rubuta 44, domin a ganinta tunda an ce rabi, dole amsar ma ta zama rabi.

Ban yi mata gardama ba. Na ce ta ɗauko ƙwaryar fura da mahaifiyarta ta sayo a kasuwar Taminus, tare da zare. Ƙwarya dai duma ce da aka raba biyu, kuma duk wanda ya dubi bakinta zai ga cikakkiyar da'ira, wadda girmanta ɗaya ne da na ƙugun dumar kafin a yanka ta. Yankan ya rage cikin duma, amma bai taɓa wannan da'irar ba. Ita ake nufi idan an ce kewayen rabin ƙwallo, kuma ana samunta ne ta hanyar ninka faɗin baki da lambar nan ta π, wadda ake kimantawa da 22 bisa 7 ko 3.14. Nisan 14 sau biyu ya ba da faɗin 28, shi kuma 28 sau 22 bisa 7 ya ba da 88.

Da muka kife ƙwaryar muka bi da zare ta bayanta daga wannan gefe zuwa wancan, sai ga shi ya yi kusan rabin zaren da ya zagaye baki. Na ce mata: "Kin ga inda 44 ɗinki yake, amma ba shi aka tambaye ki ba." Awon bai fito cif ba, domin duma ba ta girma da mulmulewa irin ta littafi, kuma a ganina gara yaro ya san haka tun da wuri.

Daga nan na nuna mata taswira. Layin Ikwaita ya raba duniya gida biyu, mu a Jos muna ɓangaren arewa, kuma tsawon layin kusan kilomita 40,075 ne. Na tambaye ta kewayen ɓangarenmu, sai ta duba bakin ƙwaryar, ta faɗi lambar ba tare da ta raba ba.