Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mini Mai Jan Taya Huɗu

Makon jiya mun tsaya a kan fitar da tsohon injin, a aikin sa wa tsohuwar mota Mini injin Honda da mayar da ita mai jan taya huɗu. Kafin in wuce sai na amsa wa ɗan Kawu, wanda har gobe yake yawo da maganar wai aikin bai wuce a ciro inji a zura inji ba. Marigayi Kawu, mahaifin nasa, shi ne mai cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Da ɗan ya riƙe wannan, da bai faɗi abin da ya faɗa ba.

Mini ta asali, wadda Alec Issigonis ya zana aka fitar a Ingila a 1959, tsawonta bai fi mita 3 da ɗan ɗoriya ba. Injinta 848cc ne, a gicciye yake, giyabos na ƙarƙashinsa, baƙin mai ɗaya suke sha. Don haka ranar da ka ɗaga injin, ka ɗaga giya ke nan, ba ka da abin da za ka ɗaura sabon a kai. Abin da ya dace da ita shi ne injin Honda na jerin B, ko B16 ko B18, a haɗa shi da giyabos na hannu na Honda CR-V ta farko mai jan taya huɗu, domin ramukan kusoshinsu ɗaya ne kuma shi ke da mafitar farfela, wato dogon shaf ɗin da ke kai juyi zuwa tayoyin baya. Kada wani ya kawo maka giyabos na jerin K ya ce ai duk Honda ce. Injin B hagu yake juyawa, K dama, ba sa zama inuwa ɗaya.

Tsohon firam ɗin gaba ba zai ɗauki wannan kaya ba, sai an ƙera sabo da bututun ƙarfe. Hancin motar ma ya yi gajere: ko a ƙara masa kamar santimita 10, ko a nemo gaban Clubman, wani samfurin Mini da aka fara a 1969, tunda ita da ma hancinta ya fi tsawo. Lagireto ya bar gefe ya dawo gaba da fanka ta lantarki. Shaf biyu na gaba a yanka su daidai awo. Wanda ya yi tsawo, da an faɗa rami zai daki cikin giyabos. Gajere kuwa fita zai yi a kwana.

Wahalar tana baya, kuma nan ne ɗan Kawu bai taɓa leƙawa ba. Tayoyin bayan Mini bin gaba kawai suke yi, babu wurin aksul, babu ramin da shaf zai shiga. Sai an yanke ƙasan but, an ƙera wani firam da zai riƙe difaranshal, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyin biyu, an sa hob masu karɓar shaf. Batir da tankin mai duk a but suke zaune, dole su tashi. Kwarin da ya ratsa tsakiyar motar an yi shi ne domin salansa, farfela ba za ta wuce ba sai an tsaga an faɗaɗa. A nan ake kashe mota. Mini ba ta da shasi, bodin ne ƙashin bayanta. Kafin ƙarfen yanka ya taɓa ƙasan, a yi waldar sanduna a gicciye daga ƙofa zuwa ƙofa. Wanda ya tsallake wannan zai gama aiki ya tarar ƙofa ta ƙi rufuwa, motar kuma tana tafiya a karkace.

Tazarar tayar gaba da ta baya a CR-V milimita 2,620 ce, a Mini 2,036. Kusan santimita 58 ke nan za a rage daga farfela, sannan a kai ta a daidaita nauyinta a kan na'ura. Farfelar da aka yi wa walda da ido, tun kafin gudu ya yi nisa za ta fara kaɗa kujera, daga baya ta cinye boris.

Difaranshal ɗin baya kuwa ya zama ɗan gida ɗaya da giyabos. Mafitar giyabos tana ninka juyi kusan sau biyu da rabi, na baya ya rage shi daidai haka, sai gaba da baya su tafi tare. In aka ɗauko na wata mota mai lissafi daban, tayoyin za su yi ta kokawa da juna har haƙori ya karye. Na CR-V famfo biyu gare shi a ciki, ɗaya farfela ke juya shi, ɗaya tayoyin baya. Sai gaba ta fara sulɓi sannan matsin mai ya kama kuloci, baya ta karɓi aiki. Shi ya sa tayoyi huɗun dole girmansu da cinsu su zo ɗaya, man kuma nasa na musamman ne; aka zuba na giya, gurnani zai riƙa yi a kwana.

Wannan ya tuna mini da John Cooper, maƙerin motocin tsere da aka sa wa Mini Cooper sunansa. A 1963 ya gwada wata hanyar a kan Mini, inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ya yi mummunan haɗari da motar, maganar ta mutu. Idan mutum irinsa ya sha wuya a kan jan taya huɗu, ban san inda mai cewa "zura inji" ya samo ƙarfin bakinsa ba.

Akwai lissafin da ko ƙwararru ke mantawa. An tsara giyar CR-V ne domin taya 205/70 R15, mai tsayin kusan milimita 668. Tayar da za ta shiga Mini, 175/50 R13, ba ta wuce 505 ba. Injin zai riƙa juyi fiye da ƙa'ida da kusan kashi ɗaya cikin uku a kowane gudu. Giya ta ɗaya ta zama ado, a babban titi kuma kuka kawai, ga shan mai. Girin-girin ɗin da Kawu yake faɗa ke nan, da idonsa bai ga Honda a cikin Mini ba amma ya san ciwon. Maganinsa a buɗe giyabos a canza giya ta biyar zuwa mai tsawo.

Sai mai da birki. Kafireto matsi kaɗan yake so, kamar 3 psi, injekta kuwa sama da 40, don haka famfon mai da tiyo da matsewarsu duk sababbi. Motar da aka haifa da ƙarfin doki 34 yanzu tana ɗauke da 160 in B16 ne, ga ƙarin nauyi a baya. Birkin ganga ba zai tsayar da ita ba. Mafi ƙaranci faifai mai inci 8.4 a gaba, shi kuma ba ya shiga rim mai inci 10, sai 12 ko 13.

Wayarin da kwamfutar injin na bar su sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, don a can ne ɗan Kawu ya ce wai ba a buƙatar zane.