Fizik a BAC da shekarar farko ta jami'a: inda maki ke zubewa

Duk malamin da ya taɓa zama gyaran takardun fizik na ƴan tarminal C ko D zai gaya maka cewa yawancin makin da ɗalibai ke rasawa a ƙananan wurare suke zubewa. Yaro ya haddace formul tsaf, ya rubuta ta daidai, sai ya zuba giram a wurin kilo, ko ya manta alamar ragi, ko kalkiletarsa tana kan radiyan shi bai sani ba. Daga nan tambayoyi ukun da ke biye duk sun bi ruwa, domin kowace a kan amsar ta baya take tsaye. Ko a lise kake nan Damagaram, ko ka shiga sashen kimiyya na Jami'ar André Salifou, ciwon ɗaya ne.

Fizik da biro a hannu ake karatunta. Wanda ya zauna yana bin gyaran da malami ya yi a allo yana gyaɗa kai, gani yake ya gane, amma gani ba ci ba ne: ranar da aka miƙo masa farar takarda hannunsa ba zai san inda zai fara ba. Ka rufe littafi, ka ɗauki aikin, ka yi ta fama da shi minti 20 kafin ka leƙa gyara. In ka leƙa, layin da ka maƙale kawai za ka duba, ka sake rufewa ka ci gaba. Bayan kwana biyu ko uku ka maimaita aikin daga farko. Ka ware ƙaramin littafi na kurakuranka kaɗai, kowane kuskure da dalilinsa a layi ɗaya. Makon jarrabawa wannan littafin ya fi maka amfani a kan karanta darasi daga bango zuwa bango. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, aikin lissafi mai nauyi a yi shi bayan sallar asuba, a bar bitar darasi zuwa yamma.

Ga misalin da kusan kowace shekara yake dawowa cikin wata kama. Akwati mai kilo 2 yana zamewa a kan gangare mai kusurwar digiri 30, gogayya tana riƙe shi da ƙarfin niyuton 4, an ce a ɗauki g, wato jan da ƙasa ke yi wa abu, daidai da 10. Kafin kowane lissafi ka rubuta abin da kake nazari a kansa, wato akwatin, da inda kake kallonsa daga, wato doron ƙasa. Sai ka zana babban hoto da rula, ka sa ƙarfi ukun da ke kansa: nauyi P yana kallon ƙasa sak, turin gangare R yana tsaye a kan fuskar gangaren, gogayya f tana kallon sama domin akwatin ƙasa yake yi. Ka zaɓi layin x ya bi gangaren zuwa ƙasa. Yanzu ne dokar Newton ta biyu za ta shigo: mg sinα − f = ma, inda m kilon akwatin ne, α kusurwar gangaren, a kuma saurin ƙaruwar gudunsa. Ka fitar da a da haruffa tukuna, a = g sinα − f/m, sannan ka zuba lambobi: 5 − 2 = 3 m/s². Masu gyara suna raba maki tsakanin hoto, doka, amsar haruffa da amsar lamba. Wanda ya tsallake kai tsaye zuwa lamba, in ya kuskure ba abin da za a iya ba shi.

A nan ne ake rikita sin da cos. Kada ka haddace, ka gwada iyaka. In gangaren ya kwanta, α sifili ne, ba abin da zai ja akwatin, kuma sin 0 sifili ne. In ya miƙe tsaye, akwatin faɗowa zai yi da dukan nauyinsa, kuma sin 90 ɗaya ne. To sin ne ke bin gangare. Daƙiƙa biyar ke nan.

Idan aka tambayi gudunsa bayan mita 1,5 daga tsaye, v² = 2 × 3 × 1,5 = 9, wato mita 3 a daƙiƙa. Ka tabbatar ta hanyar makamashi: ya sauko tsayin mita 0,75, aikin nauyi jul 15, gogayya ta cinye 6, saura 9, kuma ½ × 2 × v² = 9 ya sake ba da 3. Hanya biyu suka haɗu, hankalinka ya kwanta.

Batun ma'auni kuwa, a layin farko na takardar gwaji ake kashe shi. Duk lambar da aka ba ka, ka mayar da ita mita, kilo, daƙiƙa kafin ka taɓa formul. Kilomita 72 a awa mita 20 ne a daƙiƙa, ana rabawa da 3,6. Mota mai tan ɗaya a wannan gudun tana da makamashin motsi jul 200 000. Wanda ya zuba 72 kai tsaye zai samu kusan ninki 13 na haka, saboda an ninka kuskuren da kansa. Santimita murabba'i 10⁻⁴ ne na mita murabba'i, ba 10⁻² ba. Mikrofarad 10⁻⁶ ne. Zafi a dokar iskar gas da kelbin ake sa shi: tayar babur da ta tashi daga digiri 20 zuwa 40 matsinta bai ninka biyu ba, 313 a kan 293 ne, ƙarin kusan kashi 7 cikin 100.

Sai kuma tambayar da ɗalibai ba sa yi wa kansu: wannan amsar za ta yiwu? Rasor, wato sifirin, mai taurin k = 20 N/m ɗauke da giram 200 yana kai da komowa cikin 2π√(0,2/20), wato daƙiƙa 0,63. Wanda ya zuba 200 zai samu kusan daƙiƙa 20, ya ja layi a ƙarƙashi, alhali bai taɓa ganin rasor mai wannan nawar ba. Dutsen da aka saki cikin rijiya mai zurfin mita 20 daƙiƙa 2 yake yi kafin ya taɓa ruwa. Elektaron ba ya wuce gudun haske, mita 3 × 10⁸ a daƙiƙa. In lissafi ya ba ka abin da ya fi haka kuma lokaci ya ƙure, ka rubuta a ƙasa cewa ka lura amsar ba ta yiwuwa. Mai gyara yana ganin bambancin wanda ya lura da wanda bai lura ba.

Kalkileta tana da tarkonta guda uku. Da ka kunna ta ka buga sin 30. In ta ba ka 0,5 kana kan digiri, in ta ba ka −0,988 kana kan radiyan. Gangare da harbi digiri suke so, amma cos(ωt + φ) radiyan yake so, don haka a takarda ɗaya za ka iya sauyawa sau biyu. Na biyu maɓallin EXP ne: mai son 10⁻⁶ ya buga 1 EXP −6, domin 10 EXP −6 yana ba da 10⁻⁵. Na uku baka ne. A da'irar lantarki ta RLC mai L = 0,1 H da C = 10 µF, f₀ = 1/(2π√LC) yana ba da kusan 159 Hz, amma sai an rufe dukan na ƙasa cikin baka. Kuma wadda ka saba da ita za ka shiga da ita, ba ta aro ba a safiyar ranar.

Darussan ƙarshen shekara, irin su ruɓewar atom da matakan makamashin haidurojin, sau da yawa a gurguje ake yin su, alhali tambayoyinsu sun fi na motsi sauƙi. A ruɓewar atom λ = ln2/T, inda T rabin rayuwa ne, wato lokacin da rabin atom ɗin ke ɗauka su ruɓe, kuma ln 2 = 0,693. Wanda ya danna log zai samu 0,301 ya lalata komai. Rabin rayuwar karbon 14 shekara 5730 ne, na yuraniyom 238, irin wanda ake haƙowa a yankin Arlit, kusan shekara biliyan 4,5. Matakan haidurojin −13,6/n² eV ne, kuma kafin a raba da h, lambar Planck, sai an mayar da eV jul, a ninka da 1,6 × 10⁻¹⁹. A lantarki ka tuna cewa bolt 220 na soket ƙimar aiki ce, ƙololuwarta kusan 311, kuma 50 Hz na nufin ω = 314 rad/s.

Wanda ya ci BAC ya shiga jami'a yakan sha mamaki a zangon farko, domin darasin motsi da ya ɗauka ya sani ya koma lissafi zalla. A tsarin LMD (lisans, masta, doktora) kowane zango kiredi 30 ne, lisans 180, kuma zangon gajere ne: wanda ya ce sai an kusa jarrabawa zai fara, ya riga ya makara. Takardun TD, wato ayyukan da ake warwarewa a aji tare da malami, su ne ainihin shiri. A yi su kafin shiga aji, ko da rabi ne, domin kwafar gyara daga allo ba ta koyar da komai. Abin da ke kayar da yawancin ƴan shekarar farko raunin lissafi ne: deribe, antegiral, bekta, da warware x'' + ω²x = 0. Awa ɗaya a rana a kan waɗannan a makonnin farko ta fi dare goma na ƙarshe. Formul ɗin akselerasiyo a tsarin r da θ doguwa ce, masu haddace ta kan yar da 2ṙθ̇ a hanya. Ka riƙe abu biyu kawai, deribe na e_r (bektan da ke bin r, e_θ kuma na θ) shi ne θ̇e_θ, na e_θ kuma −θ̇e_r, sauran ka fitar da su cikin layi huɗu.

A darasin haske alama ce ke kisa. Abu yana santimita 30 gaban gilashi mai tara haske, f' = 10, wato santimita 10 daga gilashin zuwa F', inda hasken ke taruwa. OA, tazara daga tsakiyar gilashi O zuwa abu A, ragi 30 ne, ba 30 ba. Daga 1/OA' − 1/OA = 1/f' za ka samu OA' = 15, tazarar hoton ke nan, hoto a kife, rabin girman abin. Wanda ya manta ragin zai samu 7,5, kuma da ya zana haskoki biyu da rula da ya ga hoton ba zai faɗo tsakanin gilashi da F' ba.

TP, wato gwajin da ake yi da hannu a ɗakin gwaje-gwaje, shi ma maki ne, kuma mutane na wasa da shi. Ɗauki awon g da lilo. Zare mai mita ɗaya yana kai da komowa cikin kusan daƙiƙa 2. Yatsan mutum a kan agogo yana kuskuren kusan 0,2, wato kashi 10 cikin 100, kuma tunda T², T kuwa lokacin zagaye ɗaya ne, ke cikin formul, kuskuren g ya zama kashi 20. Ka auna zagaye 20 a haɗe ka raba, kuskuren g ya sauko kusan kashi 1. Tsawon zaren har tsakiyar ƙwallon ake auna shi, kusurwar sakin kada ta wuce digiri 10, kuma ƙirga daga sifili ake farawa, in ba haka ba zagaye 19 ka auna. Ka canza tsawo sau biyar, ka zana T² a kan L, gangaren layin 4π²/g ne, kusan 4. A Damagaram g wajen 9,78 yake. In ka samu 9,6 ± 0,2 ka rubuta shi haka nan da bayanin inda kuskuren ya fito. Malami ya fi shakkar rahoton da ya fito da 9,81 cif, kuma 9,6384 daga agogon hannu ƙarya ce ta lambobi.

Ranar jarrabawa minti goma na farko na karanta takardar duka ne, fizik da shimi, sannan a fara da aikin da aka fi iyawa. A raba lokaci bisa makin da ke gaban kowane aiki. Tambayar da ta ce «montrer que» ta riga ta ba ka amsa: ko ka kasa nunawa, ka ɗauke ta ka yi ta gaba da ita. Wadda ta ce «en déduire» tana nufin amsar da ka gama samu yanzu za ka yi aiki da ita, ba sabon lissafi ba. Lambobin tsakiya ka bar su cikin kalkileta, a amsar ƙarshe kaɗai ake taƙaitawa zuwa lamba biyu ko uku, gwargwadon yadda aka ba da su a tambaya, da ma'auninta a gefe.