Farautar harafi a babi na uku

Laraba, bayan isha'i.

Tun da na idar da sallar asuba nake kan babi na uku na kundin bincikena. Jiya Malam ya dawo mini da shi, jan biro ko'ina, kuma yawancin gyaran ba a lissafi yake ba, a rubutun kalmomi yake: nan harafi ya faɗi, can biyu sun yi musayar wuri. A gefen shafin farko ya rubuta cewa idan mai jarrabawa na waje ya fara cin karo da irin wannan, alƙaluman ma sai ya daina yarda da su. Gaskiya ya faɗa. Wata takwas na yi ina tattara bayanan ruwan sama da na noman gero, ba zan so harafi ya zubar wa aikin mutunci ba.

Da LaTeX, manhajar tsara shafi da ake bai wa umarni a cikin rubutu, nake rubuta kundin saboda yawan lissafin da ke ciki. Asalinsa TeX ne, wanda Donald Knuth ya fitar a 1978 bayan ya ga shafukan littafinsa daga maɗaba'a bai ji daɗinsu ba, Leslie Lamport kuma ya ɗora LaTeX a kai a shekarun 1980. Kyan shafi kam ba a magana. Sai dai a cikin fayil ɗin zance da umarni a cakuɗe suke kamar tsaba da tsakuwa. Da na liƙa babin a Word don ya duba mini, har \begin da \frac sai da ya ja wa jan layi, kuskuren gaske ya ɓace a cikinsu.

Sai na koma Aspell, manhajar duba kuskuren rubutun kalmomi. Idan ka saka masa -t ya san fayil na TeX ne, yana tsallake umarni, da abin da ke cikin \cite da \ref, umarnin ambaton madogara da na nuni zuwa wani wuri a kundin. Na zaɓi ƙamus na en_GB, domin rubutun Ingila muke bi a sashenmu, colour ba color ba. Kafin azahar Turancin ya daidaita.

Hausar ce ta cinye mini yini. A babin akwai maganganun manoma da na kawo yadda suka faɗe su, fassara na biye. Can baya da pdflatex, mai mayar da fayil ɗin LaTeX zuwa PDF, nake aiki, shi kuma da ya ga ƙ sai ya tsaya ya ce bai san harafin ba, don haka na riƙa aron umarnin tipa, ƙunshin haruffan sauti na LaTeX: \texthtk don ƙ, \texthtd don ɗ, \texthtb don ɓ. A takarda suna fita tsaf. Amma mai duba rubutu yana tsallake umarnin, ya ga “asa” inda na rubuta ƙasa, ya ga “ari” inda na rubuta ɗari. Kalma guntuwa ba ta dubuwa. Na yanke shawara na koma XeLaTeX, ɗan'uwan pdflatex da ya san haruffa masu ƙugiya, da salon haruffan Charis SIL, na bi na mayar da kowace ƙugiya harafinta na gaske. Abin da ya kamata in yi tun bara ke nan. Mai duban ma na canza zuwa Hunspell, wanda ke karɓar UTF-8 (tsarin adana haruffa da ya haɗa har da masu ƙugiya) kai tsaye, shi ma yana da -t ɗinsa.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce saka wa Hunspell -l. Maimakon ya riƙa tsayar da ni kalma bayan kalma, sai ya zazzago duk abin da bai sani ba, na jera su bisa yawan fitowarsu. Na saman jeri duk sanannu ne: Bichi, Gezawa, gero, maiwa, damina. Waɗannan na zuba su a fayil na ƙashin kaina, na nuna masa da -p. Kurakuran suna can ƙasa, cikin masu fitowa sau ɗaya tak, irin su “rainfal” da “precipitaton”.

Bayan la'asar na roƙi ƙanwata ta karanta mini maganganun manoman da ƙarfi. Ba ta yi nisa ba ta gano inda na rubuta “kasa ta gaji”. Kasa da ƙasa duk suna cikin jerina, don haka na'ura ta wuce abinta. Can kuma ta tsaya a kan maganar wani dattijo, “shekarar fari ba mu ɗebi ko dami goma ba”.

“Yaya, wane farin yake nufi? Na rashin ruwa ko na masu cin amfanin gona?”

Na rashin ruwa na fassara, har na kafa hujja da shi a sakin layi guda. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, harafi huɗun nan ɗaya ne a ido. Na ciro muryar da na naɗa a waya, muka saurara sau uku. Dattijon ya ja wasalin farko. Fara yake nufi, ba ƙarancin ruwa ba.

Na cire sakin layin, na gyara fassarar, na saka ɗan bayani a ƙasan shafi. Akwai sauran hirarraki a babi na huɗu da kalmar ta fito a ciki. Ƙanwata ta ce gobe in jira ta dawo daga Islamiyya mu saurare su tare.